Baƙuwar Tsutsa a Gonar Surukina

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya halicci masara, ya halicci abin da ke cin ta, ya bar mu a tsakaninsu da littafi da biro.

Makon jiya aka tara min samari shida a harabar ofis, sababbin ɗauka, kowanne da waya a hannu da takalmin da bai taɓa ganin taɓo ba, aka ce in koya musu duba gona. Ban gama gaisawa da su ba ɗaya daga ciki, wai shi Nazifi, ya sanar da ni cewa aikin ya zo da sauƙi yanzu. Ka je gona, ka ɗauki hoton tsutsa, waya ta faɗa maka sunanta, ka tura, ka dawo gida. Sauran suka gyaɗa kai. Na ce madalla, Allah ya ƙara wa waya basira. Sai na tambaye shi, idan tsutsar a gonar uban matarsa take, wayar ce za ta je ta gaya masa? Ya ce shi bai yi aure ba tukuna. Na ce to, shi ya sa aikin ya zo da sauƙi.

Saboda su nake wannan rubutu. Ni Isiyaku, na haura shekara talatin ina bin gonaki tsakanin Batsari da Safana a kan babur. Aikina in ga abin da ya shigo ƙasarmu wanda ba namu ba, ƙwaro ne ko ciyawa, in san inda ya fara da inda ya dosa da abin da ya ci a hanya, in kai labari kafin ya gama ci. Na yi abin kirki a aikin nan, gwargwado. Na kuma yi abin da ya ci wa surukina gonar masara, abincin gidansa na shekara guda. Shi zan ba ku, don ba ya cikin takardun da ake raba muku wajen horo.

Gonar farko da na duba a Tsaskiya take, gonar dawa, ni da maigidana a aikin, Malam Barau, Allah ya jiƙansa. Siririn mutum ne mai yawo da sanda, ba don tsufa ba, don ture ganye. Mai gonar ya tarbe mu da hura, ya shige gaba, ya bi da mu ta bakin hanya inda dawa ta fi ni tsawo, ganye shar. Malam Barau yana biye da mu. Ya bar ni na buɗe littafi na rubuta cewa gona ta yi kyau ƙwarai, har da ƙwarai ɗin. Da mai gonar ya koma ɗebo mana ruwa, sai ya ja hannun rigata muka kutsa tsakiya. Ba mu yi taku arba'in ba na ga muguwar ciyawar nan wuta-wuta ta baje furanninta ko'ina, dawar ta tsaya iya gwiwa kamar wadda aka daka wa tsawa.

"Ka rubuta gonar da aka nuna maka," in ji shi. "Yanzu rubuta wadda aka noma."

Manomi ba ƙarya yake maka ba. Babu mai kai baƙo inda gonarsa ta lalace, kamar yadda babu mai kai shi bayan gida ya ce ga falo. Wani ma tsoron baki yake, ya ga mutum na ƙirga masa shuka yana rubutawa. Don haka Malam Barau ya hana ni bin bayan mai gona, ya hana ni tsayawa a gefe. Shiga za ka yi ta kusurwa, ka yi tafiyar jakin da ya ƙi hanya, dama, hagu, dama, hagu. Ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba tushe goma, ka juya ganye ka ga bayansa, ka buɗe ƙoƙon kan shukar da yatsa ka leƙa ciki. Kuma da sassafe, ana idar da asuba, don ƙwaro ya fi ma'aikaci wayo, ba ya zama a sarari rana ta dake shi. Ku da kuke zuwa gona ƙarfe goma sha ɗaya bayan shayi, hoton ganye kawai za ku ɗauko, kuma ina tabbatar muku zai yi kyau.

Kayan aiki ba su da yawa. Littafi, biro, gilashin ƙara girma da ya tsage a gefe tun zamanin Malam Barau, da kwalba mai ruwan sifirit irin na asibiti, inda ake jefa ƙwaro don kada ya ruɓe kafin a kai shi birni. Kwalbar nan ta ja min magana. An yi shekara biyu a wani ƙauye ana cewa malamin gona, duk da carbinsa, yana da 'yar kwalba a jaka. Sai da na zazzage ta gaban liman ya ga tsutsotsi bakwai a ciki, sannan aka yarda cewa ko da sha nake, to ba don daɗi ba. Daga baya aka kawo mana tarko, bokiti ne mai murfi, da 'yar roba a ciki mai ƙamshin macen ƙwaro. Mazan su ji ƙamshi su taho daga nesa su faɗa, da safe mu ƙirga su. Ko a ƙwari haka abin yake. Bokitan kuwa masu kyau ne, na sha ganinsu a bakin rijiya.

Masu gona kuma kala-kala ne. Akwai wanda da ya gan ka ya tabbata taki ka ɓoye a gida. Akwai wanda duk abin da ka faɗa, amsarsa a ba shi magani, ko ciwon na ƙasa ne ko na rashin noma. A Babban Duhu wani dattijon Bafillace ya ja ni tafiyar rabin awa ya nuna min wata ciyawa mai wari da ta cinye gefen burtali, inda a da shanunsa ke samun abin kalaci, ita kuwa ko sansanawa ba sa yi. Ya tambaye ni wa ya kawo ta. Na ce babu wanda ya sani, wataƙila tayar mota, wataƙila jelar saniya. Ya tambaye ni me zan yi mata. Na ce zan rubuta in kai. Ya ce to in rubuta da kyau, ko in sun karanta ta mutu.

Yanzu ga muguwar shekarar.

Tun kafin ruwa ya sauka aka kira mu aka ce akwai wata sabuwar tsutsa da ta shigo daga ƙetaren teku, ba biza ba fasfo, ta fara da masarar kudu tana hawowa. Aka nuna mana alamunta. A kanta akwai zane kamar gwafa, a gindinta ɗigo huɗu baƙaƙe a jere biyu-biyu. Ni da na yi allo ban san harafi mai ɗigo huɗu ba, ita ta zo da nata. Uwarta 'yar faɗa-wuta ce mai launin toka, tana zuba ƙwai a bayan ganye ta lulluɓe da wani abu kamar auduga. Abin da aka fi ja mana kunne a kai shi ne lokaci. Tana ƙarama, a kan ganye take, tana kankarar sa har haske ya riƙa ratsawa kamar taga, kuma a lokacin magani kaɗan ya ishe ta. In ta kwana goma ko sha biyu, sai ta gangara cikin ƙoƙon masarar, ta toshe bakin da kashinta mai kama da dusa, ta zauna tana cin zuciyar shuka. A nan ko ka yi mata wanka da magani, sai dai ta yi maka godiya.

Baba, mahaifin maiɗakina, a wajen Wagini yake. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa faɗarsa da baki ba, kuma duk wanda ya ci sunan, mai sunan Baba nake ce masa. A lokacin na shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba, bai taɓa cewa abu fari ne na ce baƙi ba. Yana da babbar gona a bakin fadama wadda tun tasowarsa gero da dawa da wake yake haɗawa a ciki. Shekarar da ta gabata ya ga maƙwabcinsa ya sa sabon irin masara da taki ya cika ɗaki, sai ya yanke shawara a wannan shekara gonar duka masara ce, ko layin gero ɗaya bai bari ba. Baki wajen ashirin ke ci a gidan. Rumbu uku ya gyara wa jinka yana jira.

Gonar tana cikin waɗanda nake dubawa duk Laraba. Ni na sa ta a jerin da hannuna, don girmamawa, da nufin in riƙa zuwa ina yabawa. Kun ga irin hankalin da Allah ya ba malaminku.

Larabar da abin ya faru, masarar ta kai gwiwa. Na jingine babur a gindin bishiyar bedi, na cire takalmi, na durƙusa nesa kaɗan. Muka yi gaisuwa yadda ta kamata, gida, iyali, ruwa, gajiya, yara ɗaya bayan ɗaya. Ina durƙushen nan idona ya sauka a kan ganyen da ke daidai fuskata. Taga. Na kusa da shi ma taga. Na ɗaga ido kaɗan na bi layin, rana ta fito tana ratsa ganyayyakin kamar an yi musu aikin allura. Don in tabbatar, sai na tashi na shiga, na bi dama da hagu, na yage kan masara a gaban mai ita, na juyo na ce masa abin da ya zuba duk ƙarfinsa a kai yana da ciwo. Baba yana jingine da hauyarsa yana kallona, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Malam, ya ka ga masarar tamu?"

"Tubarkalla, Baba," na ce. "Tubarkalla masha Allah."

Na hau babur, na yi nisa kaɗan, na tsaya, na buɗe littafi. Da Ajami nake rubutuna na gona, sai na koma ofis in juya shi boko a kan takardarsu. A gaban sunan gonar na rubuta lafiya. Rubutun ya fita da kyau. Na yi istigfari sau uku, na ga kamar an biya. Da takardar nan ake duba inda za a fara kai magani da injin feshi, don haka da hannuna na tura yankin Baba ƙarshen layi.

Kada ku ce ban yi komai ba. Na yi abin da kowane ɗa mai tarbiyya zai yi, na aika. Na zaunar da maiɗakina na ce mata ta je gida ta gaya wa Baba akwai muguwar baƙuwar tsutsa a masararsa, a nemi magani cikin kwana uku, in ba haka ba gonar za ta tafi. Ta ce ita ba za ta iya fuskantar Baba da wannan ba, amma za ta gaya wa Inna, mahaifiyarta. Sai da ta kwana biyu tana shirin tafiya, don ba a zuwa gida hannu sake. Ta gaya wa Inna cewa Malam ya ce kamar ya ga 'yar tsutsa, a ɗan kula. Inna ta jira ranar da ta ga Baba cikin walwala, ta ce masa Malam yana gaishe shi, ya ce masara ta yi kyau, a dai riƙa dubawa. Baba ya aiko min da godiya da ƙwan zabi goma sha biyu. Mun ci, da daɗi.

Laraba ta zagayo. Tun daga kan babur na ga tagogin sun zama ƙofofi, ganye ya fara yagewa, ga dusa-dusa a bakin ƙoƙo. Na durƙusa, muka gaisa. Wannan karon na zo da dabara. Na ce masa a Tsaskiya an ga wata sabuwar tsutsa, ta yi wa mutane ɓarna ƙwarai, da tagogi take farawa a ganye. Na faɗi tagogin ina kallon ganyen da ke gefen ƙafarsa. Baba ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce Allah ya sawwaƙe musu, da ma mutanen Tsaskiya ba su iya noma ba. Ya ce shi ma ya ga 'yan huji a tasa, amma 'yar tsutsar nan ce ta kowace shekara, ruwa mai ƙarfi ɗaya zai wanke ta. Ya shekara hamsin yana noma, ni kuwa ina da gilashi mai tsagewa. Na ce haka ne, Baba, Allah ya kawo ruwan.

Ruwan ya zo kuwa, mai ƙarfi, kwana biyu bayan nan. Tsutsa ta sha, ta ƙara ƙiba.

Kwana biyu bayan ruwan, a kasuwar Batsari, ina zaune a rumfar mai shayi na hango Tanko mahauci yana kaɗa ƙudaje a kan teburinsa. Tanko taubashin Baba ne, ɗan gwaggonsa, tsaransa. Tsakanin taubasai babu abin da ba a faɗa. Na taɓa ganin Tanko ya cire wa Baba hula a gaban jama'a ranar suna ya ce kan ya yi kama da ƙwaryar da aka kife, Baba ya bi shi da sanda, kowa na dariya. Abin da in ni na faɗa aurena zai girgiza, shi in ya faɗa sai a ce ya yi zumunci. Na tashi na same shi, na gaishe shi, na zayyana masa komai. Na ciro kwalbar na nuna masa gwafar da ɗigon huɗu, na koya masa yadda ake buɗe ƙoƙo a leƙa. Ya ajiye wuƙa ya share hannu a riga.

"Wato so kake in shiga gonar bawana in gaya masa bai iya noma ba, kuma hukuma ce ta aiko ni?"

"Ba hukuma ba, Baba Tanko. Ni ne dai."

"Kai ne hukumar. Gobe ka zo ka ɗauke ni. Ko ba ka zo ba da ma ina da niyya."

Washegari bayan asuba na goya shi. Kwana goma sha biyu ke nan da ganin tagar farko. Na tsaya a gindin bedi ina duba sarƙar babur wadda babu abin da ya same ta, kamar wanda ya rage wa dattijo hanya kawai. Tanko bai yi sallama ba. Ya kutsa tsakiyar gonar da faɗin rigarsa, ba dama da hagu da na koya masa, ba ƙirgen goma-goma, ya dinga yage kawunan masara kamar mai fiɗa, yana zubawa a hularsa. Ba a buƙatar ilimi a ranar, duk inda ya sa hannu akwai. Ya fito ya nufi Baba da hula a gaba.

"Ina mai garken nan? Bawana, ashe kiwo ka koma ba ka sanar da mahauta ba. Dubi wannan, ai ta isa yanka."

"Fice min daga gona da warin tumbi," in ji Baba. "Kai mi ka sani a noma, da ba ka san gaban garma da bayanta ba?"

Tanko ya ce shi bai san noma ba amma ya san dabba mai ƙiba, kuma bai taɓa ganin makiyayi mai kula da dabbobinsa kamar Baba ba, har gona guda ya shuka musu. Baba ya ce da gwaggonsa ta yi shawara da shi da ba ta auri mahauci ba balle a haifi wannan. Suna cikin haka Tanko ya kamo hannunsa ya juye masa tsutsa ɗaya a tafi. Baba ya ɗaga hannu zai yar, sai ya tsaya. Ya kawo ta kusa da ido. Ya juya ta da farce, ya dubi kai, ya dubi gindi. Ya taka zuwa masarar da ke kusa ya buɗe ta da kansa, ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji Baba. Bai dube ni ba. Ya ce wa Tanko, "Tambayi wanda ya ɗauko ka, mi ake mata."

Tsakanina da Baba bai fi taku shida ba, amma haka muka yi maganar, ni in faɗa wa Tanko, Tanko ya faɗa masa, da ƙarin gishiri. Na ce a haɗa toka da yashi a zuba a ƙoƙon kowace masara. Tanko ya ce masa wai tunda tsufa ya hana shi komai sai zaman murhu, ya kwaso tokar da yake ɗumi da ita. Na ce a tsince manyan da hannu a kashe. Tanko ya ce wai ya sa tabarau, don mai ido irin nasa zai iya tsince masarar ya bar tsutsar. Na ce a sayo magani a kasuwa tunda na ofis ya tafi wani yanki, a fesa da la'asar sakaliya, bakin injin a cikin ƙoƙo, ba a kan ganye ba. Ban faɗi wanda ya tura shi wani yankin ba, Tanko ma bai tambaya ba.

Kwana huɗu gidan Baba kaf suna gona. Babu murhun da ba a kwashe wa toka ba a unguwar, mata na kawowa a kwanduna, maza na bin layi suna zubawa da hannu. Tsutsar da aka tsinta aka watsa wa kaji, suka ci har suka fara kauda kai. Na ɗauki injin a bayana na yi feshin da kaina. Inda tsutsar ba ta yi nisa ba masara ta farfaɗo ta yi goyo. Inda ta riga ta cinye zuciya kuwa, shuka ta tsaya kore shar, ba ta mutu ba, ba ta haihu ba, kamar ma'aikacin da ke jiran fansho. Maƙwabta da suka ga abin da ake ciki suka ruga kasuwa, kowa ya ninka maganin da aka ce ya sa, don in cokali ɗaya na kashewa ai uku sun fi kashewa. Sun kashe kuwa. Rina da tururuwar da ke ɗan rage mana tsutsar suka tafi, amyoyin da ke kan kukokin fadamar suka zama kango, an yi shekaru kafin zuma ta dawo wurin.

Da kaka rumbu ɗaya Baba ya cika, shi ma ba har baki ba. Sauran biyun suka zauna da sabuwar jinkarsu, sun fi na kowa kyau a ƙauyen. Masara ta yi tsada a kasuwa a shekarar, don ba shi kaɗai tsutsar ta ci ba. Kafin bazara ta ƙare, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa guda biyu ya tafi kasuwa don gida ya ci. Ina nan ranar. Tanko yana tsaye a kara, wajen sayar da shanu, lokacin da aka shigo da san, ya dube shi, ya juya ya koma teburinsa. Ranar kaɗai na ga ya ga Baba bai tsokane shi ba.

Bayan kwana biyu maiɗakina ta ce Baba na kirana. Wannan saƙon kam ya iso yadda aka aiko shi. Na same shi a zaure shi kaɗai a kan buzu. Na durƙusa a bakin ƙofa, muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba. Sannan ya tambaye ni yaushe na fara ganin ta a gonarsa. Na iya cewa ranar da na kawo Tanko. Babu mai ƙaryata ni, littafina ma yana bayana. Amma ƙarya ɗaya na riga na rubuta, kuma ba na son ta samu ƙanwa. Na ce ranar da ya tambaye ni ya na ga masarar.

"Ranar da ka ce tubarkalla."

"Ita, Baba."

Ya tambaya, da a ranar aka yi maganin, da mi zai faru. Na ce sanin gaibu sai Allah, amma a yadda na gani a gonakin wasu, da an tsira da mafi yawa. Ya ajiye carbinsa.

"Kana da ladabi, Malam," in ji shi. "Tun da na ba ka ɗiyata ban taɓa jin abin ƙi daga bakinka ba. Allah ya yi maka albarka. Ladabin nan naka ya ci min rumbu biyu da sa guda. Ban san ko ina da ƙarfin ciyar da shi baɗi ba."

Na ce a gafarce ni. Ya ce ya yafe, in tashi in je in gaida Inna.

Da damina ta zagayo ya koma haɗa gero da dawa da wake, masara ya ba ta kashi ɗaya a gefen fadama. Larabar farko da ta kai gwiwa na iso bayan asuba. Na jingine babur, na durƙusa, muka gaisa har ƙarshe. Bai tambaye ni ya na ga masarar ba. Ya saɓa hauyarsa ya taka zuwa can iyakar gonar, ya juya min baya, ya kama noman wani wuri da na ga an riga an nome shi tas. Na shiga ta kusurwa. Dama, hagu, dama, hagu, wuri biyar, tushe goma-goma. Na juya ganye, na buɗe ƙoƙo, inda ya kama a yage na yage. Na samu ƙwai a bayan ganye wuri biyu, da ƙanana masu kankara a wuri uku. Na rubuta abin da na gani. Sannan na taka har inda yake, na durƙusa a bayansa, na ce wa ƙeyarsa, Baba, akwai ta, ƙanana ne, yau ko gobe ya kamata.

Hauyar ba ta tsaya ba, shi ma bai juyo ba.

"Na ji," in ji shi. "Yau."